Shin Ko Kun San? Ƙafar Turke da Laifin Tafiya da Ƙwallo a Wasan Kwando

Shin ko kun san a ƙwallon kwando akwai laifin da ɗan wasa zai yi bai ture kowa ba, bai riƙe rigar kowa ba, bai ko buɗe baki ba, amma alƙalin wasa ya hura usur ya karɓe ƙwallon ya miƙa wa abokan karawa? Shi ne laifin tafiya da ƙwallo, wanda yaran fili ke kira tirabulin. Alamarsa ba ta ɓuya: alƙali ya dunƙule hannuwansa biyu a gaban ƙirji yana juya su, ɗaya na bin ɗaya, kamar mai naɗe zare. Ba a rubuta wa mutum keta a kansa, ba a ba da jifan kyauta. Ƙwallon kawai ake rasawa, a yi jifa daga gefen fili kusa da inda abin ya faru. Sai dai a wasan da maki ɗaya ke raba gardama, rasa ƙwallo sau ɗaya ya isa ya mayar da mutane gida da ɓacin rai.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, wata ranar hunturu ce bayan an gama kawar da masara, na tsaya kallon wasa a filin siminti na wata makarantar sakandare a ƙasar Funtua. Akwai wani yaro dogo, irin wanda sai ya sunkuya zai shiga zaure. Sau huɗu yana karɓar ƙwallo a ƙarƙashin kwando, sau uku ana hura masa usur. A na ukun ɗalibai suka ɗauki ihu wai alƙali ya ci amana. Yaron kuwa ya tsaya da hawaye a ido yana cewa, "Malam, wallahi taku biyu na yi." Malamin ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Na yarda, ɗana. Amma ƙafarka ta hagu ta tashi kafin ƙwallon ta bar hannunka." Gaskiyar malamin ce, kuma har aka tashi wasa yaron bai fahimci abin da ake nufi ba. Ban ga laifinsa ba, domin ba a taɓa zaunar da shi aka warware masa ba.

Shin ko kun san wannan doka sa'ar wasan ce, rana ɗaya aka haife su? A watan Disamba na 1891, wani malamin motsa jiki ɗan Kanada mai suna James Naismith yana koyarwa a makarantar horar da ma'aikatan YMCA da ke Springfield a jihar Massachusetts ta Amurka. Shugabansa, Luther Gulick, ya ba shi kwana 14 ya ƙirƙiro wasan da samari za su yi a cikin ɗaki, domin sanyi ya hana fita. Naismith ya duba wasannin da ya sani, ya ga inda duk aka bar mutum ya ruga da ƙwallo a hannu, dole a bar wani ya kayar da shi, a kan daɓen katako kuwa wannan karaya ce. Sai ya toshe abin daga tushe. Cikin dokoki 13 da ya rubuta, ta uku ta hana gudu da ƙwallo, ta ce mutum ya jefa daga inda ya cafe, tare da ɗan sassauci ga wanda ya cafe yana cikin gudu yana ƙoƙarin tsayawa. Wannan ɗan sassaucin ne ake ta gardama a kansa yau shekara fiye da 130.

Kwandunan farko na zuba 'ya'yan itace ne, aka kafe su a jikin barandar ɗakin, wadda tsayinta ƙafa 10 ne. Har gobe tsayin kwando ke nan, mita 3.05. Takardu biyun da aka fara buga dokokin a kansu an yi gwanjonsu a 2010 a kan dala miliyan 4.3, yanzu suna Jami'ar Kansas, inda Naismith ya koyar tun daga 1898.

Ko kun san a dokokin farko babu maganar buga ƙwallo da ƙasa ana tafiya? 'Yan wasa ne suka gano ƙofar da kansu: tunda an hana ka tafiya riƙe da ita, sai ka sake ta ta daki ƙasa ta dawo maka. Ɗaliban Jami'ar Yale ake dangantawa da fara mayar da wannan dabara makami a 1897. Ashe diribul ɗin da yara ke alfahari da shi a yau ɗan cikin dokar hana tafiya ne.

To, yanzu ga zuciyar maganar, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Duk wanda ya tashi a Bakori ko Ɗanja ko Ƙafur ya san turke. Ka ɗaure akuya, ta zagaya gabas, ta zagaya yamma, ta ci ciyawar da igiya ta kai, amma turken yana nan inda aka kafa shi. Haka dokar take. Da zarar ka riƙe ƙwallo ka tsaya, ɗaya daga ƙafafunka ta zama turke. Ɗayar tana da 'yanci: ta taka gaba, ta dawo baya, ta zagaya da kai sau goma in ka ga dama. Ita kuwa ƙafar turke tana iya murzawa a inda take, amma ba ta ja, ba ta zamewa, ba ta sauya wuri.

Wace ce turken? In ka cafe ƙwallo ƙafafunka biyu na ƙasa, zaɓi naka ne: wadda ka fara ɗagawa ita ce mai yawo, wadda ta rage ita ce turke. In ka cafe kana sama ka dira da ƙafa biyu tare, nan ma zaɓi naka ne, shi ya sa masu horarwa ke son wannan dirar. In ka dira da ɗaya sannan ɗayar ta biyo, a dokar jami'o'in Amurka ta farkon ita ce turke, ba sauran zaɓi. Akwai kuma wata mai kama yara da yawa: ka dira da ƙafa ɗaya, ka yi tsalle da ita ka sauka da biyu tare. An yarda da wannan, amma daga nan ba ka da turke ko ɗaya. Ko dai ka jefa, ko ka miƙa wa wani. Ka ce za ka juya, usur.

Shin ko kun san ana iya ɗaga ƙafar turke ba a yi laifi ba? Mutane da yawa ba su san wannan ba, har da wasu masu hura usur a wasannin unguwa. In za ka jefa kwando ko ka ba da fasin, kana iya ɗaga ta, sharaɗin kawai ƙwallon ta bar hannunka kafin ƙafar ta koma ƙasa. Laifin yana wajen saukowa. Amma in diribul za ka fara, hukuncin ya juya: sai ƙwallon ta bar hannunka tukuna turken zai tashi. Wannan ne ya kama dogon yaron nan na Funtua. Yana son ya wuce mai tsaronsa, zuciyarsa ta riga hannunsa, ƙafa ta tashi ƙwallo na manne a tafin hannu. A ganina, cikin duk tafiyar da ake hurawa a wasannin makarantu, wannan ta fi yawa, kuma ita ta fi saurin gyaruwa in an samu mai nunawa.

Ko kun san babu tafiya a lokacin da kake diribul? Tsakanin bugu da bugu kana iya yin taku uku ko biyar, babu mai ƙirgawa, muddin ƙwallon ba ta kwanta a hannunka ba. Haka wanda ƙwallo ta kuɓuce masa yana binta yana lalube, bai yi tafiya ba, domin ba ta cikin ikonsa. Mai jifa daga gefen fili shi ma ba shi da turke. Iyakarsa kada ya bar wurin da aka nuna masa, a dokar duniya an ba shi mita ɗaya ya motsa a gefe.

Shin ko kun san littafin dokar ba ɗaya ba ne? Manya uku ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Akwai na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya da aka kafa a 1932, wanda shi Najeriya ke bi, daga gasar NUGA ta jami'o'i zuwa wasannin lig da Kano Pillars ta sha lashewa. Akwai na NBA, gasar ƙwararru ta Amurka. Sannan akwai na NCAA, ƙungiyar wasannin jami'o'in Amurka, wadda asalinta ya koma 1906, gasarta ta zakaru kuma ta fara a 1939.

Bambancin da ya fi girma taku ɗaya ne tak. Daga 1 ga Oktoba 2017, FIBA ta ce wanda ya tattara ƙwallo yana cikin gudu, ƙafar da ke ƙasa a daidai lokacin ba a ƙirga ta. Ita ake kira takun sifiri. Bayanta yana da taku biyu cikakku. NBA ta rubuta taku biyu a littafinta tun 2009, ta ƙara fayyace ma'anar tattara ƙwallo a 2019. Littafin jami'o'in Amurka kuwa a kan turke aka gina shi, ba a kan ƙirgen taku ba. Ku kwatanta da ƙafafunku a tsakar gida. Kun kama ƙwallo hagu na ƙasa. A FIBA: hagu sifiri, dama ɗaya, hagu biyu, sai tsalle. A NCAA: hagun nan ta zama turke da zarar dama ta taka, kuna iya ɗaga ta, amma ta sake taɓa ƙasa ƙwallo na hannu, an yi tafiya. Motsi ɗaya, halal a Zariya, laifi a Kansas.

Wannan ya sa nake damuwa da yadda yaranmu ke koyon wasan daga waya. Yaro a Malumfashi zai sayi data ya kwana yana kallon guntayen bidiyon NBA, ya ga gwani ya ja da baya taku biyu ya jefa, ya fito da safe yana kwaikwayo. Abin da bidiyon ba ya nuna masa shi ne daidai lokacin da hannu biyu suka haɗu a kan ƙwallon, alhali daga nan ake fara lissafi. Gwanin ya jinkirta kamawar da gangan, ya yi shekaru yana gyara wannan ƙiftawar ido. Yaron ya kama da wuri, ya yi taku iri ɗaya, sai ya zama huɗu. In kuma Allah ya ɗaga shi ya samu gurbin karatu a wata kwaleji a Amurka, can zai tarar da littafin da ya fi na gida tsauri.

Ga wasu bambance-bambancen a gurguje. Ka faɗi ƙasa riƙe da ƙwallo turkenka ya tashi: a NCAA tafiya ce, a FIBA an yarda ka faɗi har ka zame, sai in ka mirgina ko ka yi ƙoƙarin miƙewa da ita a hannu. Ka jefa kwando ƙwallon ba ta taɓa komai ba ka ruga ka cafe abarka: a NBA laifi ne, a NCAA da FIBA babu komai in alƙali ya gamsu da gaske jifan kwando ka yi. Maza a jami'o'in Amurka rabi biyu suke yi na minti 20, FIBA kashi huɗu na minti 10.

Ko kun san ranar da takun sifiri ya fara aiki, ranar ce kuma FIBA ta fara barin mata su yi wasa da hijabi? Duka 1 ga Oktoba 2017. Kafin nan Bilqis Abdul-Qaadir ta buga wa jami'o'in Memphis da Indiana State da kanta a rufe, amma tsohuwar dokar FIBA ta tare mata hanyar zama ƙwararriya a ƙasashen waje, ta kuwa yi ta fafutuka har aka sauya. Na kawo wannan ne saboda 'yan matanmu na makarantun kwana a Bakori da Malumfashi, da iyayen da ke tambaya ko wasan zai sa 'yarsu ta cire lulluɓi. Kuma a sani, ƙungiyar matan Najeriya, D'Tigress, ita ce ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik, a 2024.

Shin ko kun san tafiyar da ta fi shahara a tarihin wasan jami'o'i ba a hura ta ba? Ranar 5 ga Afrilu 1993, wasan ƙarshe a New Orleans, Michigan da North Carolina. Saura kamar daƙiƙa 20, ana bin Michigan 73 da 71. Chris Webber ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando, ya yi kamar zai miƙa, ya fasa, ya ja ƙafar turkensa ƙiri-ƙiri kafin ya fara diribul. Mutanen bencin North Carolina suka yi tsalle suna nuni, alƙalai ba su gani ba. Ya ruga da ƙwallon har kusurwa, aka rufe shi, ya nemi hutu alhali ƙungiyarsa ta riga ta cinye nata. Aka hukunta su, North Carolina ta ci 77 da 71. Webber na cikin fitattun 'yan wasan zamaninsa, amma da matsi ya zo, ƙafa ce ta fara tona shi.

Ko kun san mutumin da duniya ke buga misali da ƙafafunsa a wannan wasa ɗan Najeriya ne, kuma labarin shigarsa wasan ya ratsa ta Sakkwato? Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas a 1963, gola ne a ƙwallon ƙafa kuma ɗan ƙwallon hannu. A wata gasar makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato a ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa shi cikin 'yan kwandon makarantarsu. Daga nan sai Jami'ar Houston, inda ya kai wasan ƙarshe na NCAA a 1983 da 1984. A 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen NBA, Michael Jordan na uku. Ya ci kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995, yana wasa da azumi a bakinsa in Ramadan ya zo. Makaminsa turke ne: ya kafa ƙafa ɗaya, ya yi kamar zai juya dama, ya dawo hagu, ya ɗaga ƙwallo mai tsaro ya tashi sama, shi kuwa yana ƙasa, sai ya zura ƙafa ta ƙarƙashinsa ya jefa. Ya sha faɗa cewa ƙwallon ƙafa ce ta ba shi wannan. Bayan ya yi ritaya, Kobe Bryant da LeBron James sun je har gidansa koyon aikin ƙafa.

Takun nan na kauce wa mai tsaro, ɗaya dama ɗaya hagu, da ake kira takun Turai, Sarunas Marciulionis ɗan Lituwaniya ya shiga da shi NBA a 1989, Manu Ginobili ɗan Ajantina ya yaɗa shi, Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Najeriya da aka haifa a Girka, ya mayar da shi abin tsoro saboda tsawon ƙafarsa. Taku biyu ne, ba uku ba. Faɗinsu ne ke ruɗar ido.

Shin ko kun san ɗaya daga manyan cibiyoyin wannan wasa a Najeriya yana bakin hanyarmu? Wanda ya taso daga Funtua ya bi ta Giwa da Shika, kafin ya shiga Zariya sai ya wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. A nan koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ake kira OBJ, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da yara. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara wasan yana ɗan shekara 13, ya je ya buga wa kwalejin Bismarck a Amurka, daga baya ya zama shugaban Toronto Raptors da suka ci kofin NBA a 2019. Gidauniyarsa, Giants of Africa, tun 2003 take shirya wa yara sansanin horo. Tsakanin yaron Funtua da filin Samaru bai kai tafiyar awa biyu a mota ba, kuma ina takaicin yadda ba mu cika cin moriyar wannan kusanci ba.

Ko kun san masu wasan kwando a keken guragu su ma suna da tasu tafiyar? Tura keke fiye da sau biyu ƙwallo na cinya, ba a buga ta da ƙasa ba, laifi ne. A ƙwallon hannu kuwa taku uku aka yarda, shi ya sa wanda ya sauya sheƙa daga can yakan sha usur a makonnin farko.

Mu kuma ba baƙin dokar ƙafa ba ne. Ɗan langa ya san in ya saki ƙafar da ya riƙe, ya fita. Ɗan dambe ya san in gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an yi kisa. Wanda ya taɓa bin mai sungumi ranar shuka, yana jefa iri yana rufewa da dunduniya, ya san yadda hannu da ƙafa ke jiran juna. Yaron da ya tashi da waɗannan yana da rabin abin da ake nema, saura a gaya masa sunan abin da ya riga ya iya. Kuma cikin duk abin da wasan kwando ke buƙata, wannan ne kaɗai ba ya cin kuɗi. Takalmi da tsada, ƙwallo mai kyau da tsada, filin siminti sai hukuma ko mai hali. Turke kuwa ko a masussuka ana koyonsa.

Na koma makarantar nan bayan 'yan makonni na tarar malamin ya ware dogon yaron a gefe, babu ko ƙwallo, sai wani busasshen duma a hannunsa. Ya zana da'ira a ƙasa da tsinke, ya ɗora ganyen darbejiya a tsakiya, ya ce ya taka shi da gaban ƙafar hagu. "Juya gaba. Dawo. Juya baya. Kar in ga ganyen nan." Yaron na juyawa, ƙura na tashi, malam na tsugune yana kallon ƙafar, ba ya ko duban fuskarsa. Da ganyen ya leƙo sai a koma farko. Na ƙirga juyi 30 da ƙafar hagu kafin ya ce a sauya zuwa dama, sannan ya aiki wani ƙaramin ɗalibi ya ɗauko ƙwallon daga ofis.